Filin Tambaya da Amsa: Sayen Kayan Sauti na Ƙwarai Bayan Shekara Sittin

A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan, da yawa sun fito ne daga manya, mutanen da suka sauke nauyin aiki da na tarbiyyar 'ya'ya, yanzu kuma suke son su mallaki kayan sauti masu inganci a gida, su zauna su ji kiɗa a natse. Na zaɓi shida daga ciki, na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, shekarata 68, kuma bara na ajiye aiki. Tun ina saurayi nake da burin mallakar kayan sauti irin waɗanda mutum zai zauna a gabansu ya ji kamar mawaƙin yana cikin ɗakin, amma hidimar iyali ba ta ba ni dama ba. Yanzu Allah ya hore mini, sai dai babban ɗana ya ce asarar kuɗi zan yi, wai kunnen mai shekaruna ba ya iya bambance na'ura mai tsada da mai araha. Shin gaskiya ya faɗa?

Amsa: Ranka ya daɗe, ɗanka ya faɗi wani ɓangare na gaskiya, amma ɓangaren da bai faɗa ba shi ne ya fi shafarka. Bari mu fara da nasa. Ana auna kauri ko sirantar sauti da yawan girgizar da iska take yi a cikin daƙiƙa ɗaya, ma'aunin da ake rubutawa Hz a takardun na'urori. Lafiyayyen kunnen yaro yana kama sauti daga 20 Hz, wato rugugin da kusan a ƙirji ake jinsa, har zuwa 20,000 Hz. A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, cike da ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, waɗanda suke mayar da girgiza ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa take fahimta. Masu kula da siririn sauti su ne suke fara gajiya, kuma idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Shi ya sa mutane da yawa da suka haura sittin ba sa jin abin da ya wuce 10,000 ko 12,000 Hz, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na masu waɗannan shekaru suna da raunin ji da ya kai ya kawo musu cikas.

To, amma a ina kiɗa yake zaune? Maɓallin piyano mafi kauri yana ba da 27.5 Hz, mafi siranta kuma 4,186 Hz ne kawai. Muryar ɗan Adam, da jita, da goge, da sarewa, da ganga, dukkansu gangar jikinsu tana ƙasa da 5,000 Hz, abin da yake sama da 10,000 kuwa ɗan ƙyalli ne na kuge da wata iska-iska da take kewaye da sautin. Ba na raina wannan ƙyalli, rashinsa asara ce, amma ba shi ne yake raba lasifika ta ƙwarai da ta banza ba. Abin da yake raba su shi ne ko muryar mawaƙi za ta fito da kamanninta ba tare da ta zama kamar daga cikin kwali take fitowa ba, ko za ka iya bin kowane bugu na ganga daban maimakon ka ji gunji ɗaya a cakuɗe, ko za ka iya nuna wurin da mai jita yake tsaye da wurin da mai piyano yake zaune, ko kuma sautin zai tashi daga raɗa zuwa tsawa ba tare da ya tsage ba. Duk wannan kunnenka yana ji. Hasali ma kunnen da ya raunana ya fi shan wahalar tsinto murya daga cikin hayaniya, don haka na'urar da take dagula sauti ta fi cutar da dattijo a kan saurayi, domin saurayin yana da rarar ji da zai cike gurbin da ita, kai kuwa ba ka da ita.

Akwai abu ɗaya da ba zan ɓoye maka ba. Floyd Toole, wanda ya yi shekaru yana gwajin lasifikoki a Hukumar Bincike ta Ƙasar Kanada kafin ya koma kamfanin Harman, ya lura cewa masu raunin ji hukuncinsu ya fi sauyawa daga wannan zama zuwa wancan. Ma'anar wannan a wurinka ita ce kada ka yanke shawara a zama ɗaya. Ka saurara yau, ka koma bayan kwana biyu, ka sake saurare da fayafayan da ka sani, abin da ya burge ka sau uku a ranaku daban-daban shi ne naka.

Kafin ka shiga kowane kanti, ka fara zuwa wurin likitan kunne a auna jinka. Awon ba ya cin lokaci: za a sa maka lasifikar kunne a ɗaki mai shiru, a riƙa sako ƙananan sautuka daga 250 zuwa 8,000 Hz, kana danna maɓalli duk lokacin da ka ji, a ƙarshe a ba ka takarda mai zane biyu, ɗaya na dama ɗaya na hagu. Wani lokaci ma dauɗar kunne ce kawai ta toshe hanya, a cire ta a 'yan mintuna, mutum ya fito yana jin motsin rigarsa. Ni kaina na yi watanni ina jin muryar mawaƙi ta karkata zuwa dama, na sauya wayoyi, na musanya lasifikokin biyu, muryar ba ta motsa ba, sai da takardar awo ta nuna mini cewa kunnena na hagu ya faɗi a wajen 4,000 Hz. Abin da ya gyara mini lamarin ɗan murɗi ne kaɗan na maɓallin da yake daidaita dama da hagu.

Wannan ne ya sa nake ba ka shawara ka zaɓi amfilifaya, wato akwatin da yake ƙarfafa sauti ya tura shi ga lasifika, mai wannan maɓalli, da kuma maɓallan ƙara kauri da siranta. Wasu kamfanonin kaya masu tsada sun cire su da sunan tsarkin sauti, kuma ban yarda da su ba ko kaɗan idan mai sayen dattijo ne, domin kunnuwanka biyu ba lallai su zama daidai ba, ɗakinka ma haka. Sannan ka yi hattara da lasifikar da aka ƙera ta da kaifi fiye da kima. A minti biyar na farko za ta yi maka daɗi, za ka ji kamar an dawo maka da abin da ka rasa, amma kunnen da ya raunana sau da yawa tazarar da take tsakanin abin da ba ya ji da abin da yake yi masa zafi ta ragu, kuma bayan rabin sa'a za ka ga hannunka ya kai ga rage murya. Gara ka sayi lasifika mai daidaiton sauti, ka ƙara siranta da maɓalli gwargwadon buƙatarka, ranar da ba ka so ka mayar.

Jin da ya rage maka kuma ka kiyaye shi. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suke bi shi ne desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na tsawon sa'a 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, wato 88 sa'a 4, 91 sa'a 2. Akwai manhajojin waya da suke auna wannan daidai gwargwado. Idan kuma wata rana ka wayi gari kunne ɗaya ya daina ji farat ɗaya, kada ka jira ya warware da kansa, ka nemi likita a ranar.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce mai ritaya. Ɗakin da zan sa kayan tsawonsa mita 5 ne, faɗinsa mita 4, ƙasansa tayil, da babbar taga ta gilashi a gefe ɗaya. Mai kanti ya ce in ɗauki manyan lasifikoki masu tsayawa a ƙasa da amfilifaya mai wat 300, in ba haka ba wai ba zan ji daɗi ba. A ina ya kamata in fi zuba kuɗina?

Amsa: Malama, mafi girman kaso ya tafi ga lasifika, sannan ki ware wani abu domin ɗakin, domin waɗannan biyu su ne suke yanke yawancin abin da zai iso kunnenki. Amfilifayoyi da na'urorin juya faifai na zamani, idan na kirki ne, bambancin da yake tsakaninsu ƙarami ne, amma lasifikoki biyu suna iya bambanta kamar dare da rana, kuma lasifika ɗaya ma tana iya zama abu biyu a ɗakuna biyu.

Ɗakinki yana da muryarsa. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, kuma idan ya kai bango dawowa yake yi ya haɗu da wanda yake tahowa. A tsakanin bangaye biyu masu tazarar mita 5, wannan haɗuwa tana kumbura sautin da yake wajen 34 Hz da ninkinsa, wato 68 da 103, a tsakanin masu tazarar mita 4 kuma 43 da 86. Sakamakon shi ne wani bugun zai yi gunji ya daɗe bai mutu ba, wani kuma ya ɓace kamar ba a buga shi ba, gwargwadon inda kujerarki take. Manyan lasifikoki a irin wannan ɗaki ƙara tayar da wannan gunji suke yi. Ki yi wani gwaji yau: ki tsaya a tsakiyar ɗakin ki tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan kika ji wata 'yar ƙara mai kama da ta ƙarfe ta biyo bayan tafin, to tayil da gilashi ne suke jefa wa juna sautin, kuma haka za su yi wa muryar kowane mawaƙi. Kafet mai kauri a tsakaninki da lasifikokin, da labule mai nauyi a kan tagar, da kantar littattafai a bangon gefe, za su gyara miki abin da amfilifaya mafi tsada a duniya ba za ta gyara ba. A matsayinki na malama na tabbata littattafan suna nan.

Wurin ajiyewa ma kyauta ne, amma aikinsa babba ne. Lasifikokin biyu da kanki su zama kusurwoyi uku masu tazara ɗaya, kamar mita 2 zuwa 2 da rabi. Ƙaramin bakin da yake fitar da siririn sauti ya daidaita da tsayin kunnenki idan kina zaune. Ki janyo su daga bango aƙalla rabin mita, kada ki cusa su a kusurwa, kujerar ma kada ta jingina da bangon baya. Na taɓa ziyartar wani dattijo da ya yi niyyar mayar da sababbin lasifikokinsa saboda gunji, muka janyo su gaba da tazarar da ba ta wuce kamu ɗaya ba, muka matsar da kujerarsa, sai ga muryar ta fito fes a tsakiyar ɗakin, ya yi shiru har waƙar ta ƙare.

Batun wat 300 kuwa, ga lissafinsa. Lasifikar gida ta yau da kullum tana ba da wajen desibel 85 zuwa 90 da wat 1 kacal a tazarar mita 1, kuma wannan adadi yana rubuce a takardarta. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kafin kunne ya ji sauti ya ninku kuwa sai an ninka wat sau 10. A zaman saurare na yau da kullum 'yan wat kaɗan kike amfani da su, sauran ajiya ce domin lokacin da ganga za ta faɗo da ƙarfi. Amfilifaya mai wat 60 zuwa 100 a kowane gefe, wadda kamfaninta ya bayyana cewa tana iya jan lasifika mai om 4 (om ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta ne), ta ishi ɗakinki har da rara. Ƙanƙantar lasifika kuma ba aibu ba ce: LS3/5a, wadda injiniyoyin BBC suka ƙera a shekarun 1970 domin motocinsu na ɗaukar shirye-shirye, ba ta fi kwalin takalmi girma da yawa ba, amma har yau ana ƙera ta, ana kuma nemanta saboda yadda take fitar da murya. Abin da zan zaɓa wa ɗakinki shi ne matsakaitan lasifikoki a kan ƙafafunsu, idan daga baya kika ji kauri bai ishe ki ba ki ƙara wufa ɗaya mai inganci, wato lasifikar da take fitar da sauti mai kauri kaɗai. Wasu amfilifayoyin yanzu suna zuwa da makirfo da manhajar gyaran ɗaki irin su Dirac, wadda take auna wuraren da suka kumbura ta rage su, kuma a kan matsalar gunji tana aiki sosai.

Saura maganar kanti. Ana cewa gani ya kori ji, kuma a harkar kayan sauti maganar ta tabbata a zahirinta. A 1994 Toole da abokin aikinsa Sean Olive sun gwada mutane da lasifikoki iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya suna ganinsu, sau ɗaya a bayan labule, sai makin ya sauya: manya masu sheƙi sun sami ƙarin maki da ana kallonsu, wanda ba su samu ba da aka rufe su. Don haka ki tafi da fayafayanki uku ko huɗu waɗanda kika haddace, ki haɗa da na magana zalla, domin kunnenmu ya fi sanin muryar mutum a kan komai. Ki tabbatar ƙarfin muryar daidai yake idan ana musanya lasifika, saboda wadda ta ɗara 'yar uwarta ƙarfi ko da desibel 1 ne sai ta yi kamar ta fi ta kyau. Ki rufe ido. Sannan ki nemi a ba ki dama ki gwada a gida da sharaɗin mayarwa, kuma mai kantin da ya amince da kayansa ba zai ƙi ba, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Tambaya: An ce mini wayoyin haɗi masu tsada da waƙoƙin da ake kira masu zurfin inganci, waɗanda suka fi na faifan CD, wajibi ne ga mai manyan kaya. Haka ne?

Amsa: Yallaɓai, ba wajibi ba ne. Wayar lasifika aikinta ta kai wuta ba tare da ta tauye ta ba, kuma tagulla mai kaurin milimita 2.5 murabba'i, da bakin haɗi mai kamawa da kyau, ta wadatar a tazarar 'yan mitoci. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1982, yana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a daƙiƙa, abin da ya ba shi damar riƙe sauti har wajen 22,000 Hz da tazarar desibel 96 tsakanin shiru da ƙara, wato a siranta ya wuce iyakar kunnen saurayi ma. Abin da ya fi tasiri shi ne yadda aka ɗauki waƙar da yadda aka tace ta tun a ɗakin naɗi. Qobuz da Tidal da Apple Music duk suna ba da ingancin CD ko fiye ta intanet, ka zaɓi wanda ya fi yawan waƙoƙin da kake so, rarar kuɗin wayar kuma ka ƙara a kan lasifika.

Tambaya: Malam, mahaifina ɗan shekara 74 ne, yana sa na'urar ƙara ji a kunnuwansa biyu. Yana son kiɗa ƙwarai, amma tun da ya fara sa na'urar ya ce kiɗan ya zama kamar na gwangwani, har ya daina kunnawa. Ni da ƙannena muna so mu haɗa kuɗi mu saya masa kaya masu kyau mu ba shi mamaki. Me za mu saya?

Amsa: 'Yar uwa, Allah ya yi muku albarka, amma ina roƙonku ku bar maganar ba shi mamaki, ku tafi tare da shi. Kunnensa ne zai zauna da kayan, kuma babu wanda zai iya ji a madadinsa.

Matakin farko ma ba sayayya ba ne. Na'urar ƙara ji an tsara ta ne domin magana: tana ɗaga ƙananan sautuka, tana danne manya, tana rage abin da take zaton hayaniya ce, kuma tana da wata dabara ta kashe fito idan makirfonta ya kama sautin da ita kanta ta fitar. Duk waɗannan alheri ne a wurin hira, amma a wurin kiɗa ɓarna suke yi, domin na'urar tana iya ɗaukar dogon busa na sarewa a matsayin fito ta yi ƙoƙarin kashe shi, sai sautin ya riƙa rawa, tana kuma iya matse tashi da saukar da mawaƙi ya yi da gangan. Yawancin na'urorin zamani suna da tsari na musamman domin kiɗa, wanda yake kashe waɗannan dabaru, kuma sau da yawa ba a kunna shi ba ne kawai. Ku mayar da Baba wurin wanda ya saita masa na'urar, ku ce a sa masa wannan tsari, ku tafi da waƙar da ya fi sani a gwada a wurin. Na ga mutanen da wannan kaɗai ya dawo musu da kiɗa bayan sun fid da rai. Wasu na'urorin suna karɓar waƙa kai tsaye daga waya, amma bakinsu ƙarami ne, ba sa iya ba da kauri sosai, don haka sauraro ta lasifika a ɗaki, da na'urar a kunne, yakan fi gamsarwa.

Idan kun zo sayen kayan, ku sa sauƙin aiki a gaba da komai. Kayan da sai an kunna akwati huɗu bi da bi, ko waɗanda ba sa motsi sai da manhajar waya mai ƙananan rubutu da take sauya kamanni duk bayan 'yan watanni, ƙarshensu ƙura ce za ta rufe su. Ku nemi akwati ɗaya da ya haɗa amfilifaya da rediyo da CD da sauraro ta intanet, ko lasifikoki masu amfilifaya a cikinsu irin waɗanda KEF da Genelec suke ƙerawa, tare da rimot na hannu mai manyan maɓallai da fuskar da ake iya karantawa daga kujera. A kanti ku miƙa wa Baba rimot ɗin ku koma gefe: idan ya iya kunnawa, ya zaɓi waƙa, ya ƙara murya ba tare da ya waiwayo ku ba, kun sami abin da kuke nema.

Tambaya: Yawancin saurarona da dare ne, bayan mutanen gida sun kwanta, kuma idan na rage murya sai kiɗan ya zama fanko. Laifin kayana ne?

Amsa: Ba laifinsu ba ne, Alhaji, halittar kunne ce. Tun 1933 Fletcher da Munson na ɗakin binciken Bell a Amurka suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa, kunne yana rasa kauri da sauri fiye da yadda yake rasa tsakiyar sauti. Shi ya sa tsofaffin amfilifayoyi suke da maɓallin da yake ƙara kauri idan an rage murya, kuma Yamaha har yanzu tana sa shi a da yawa daga nata, a matsayin abin murɗawa. Ka nemi mai irinsa, ka kuma matso da kujerarka kusa da lasifikokin, kamar mita ɗaya da rabi. Sauti mai kauri shi ne yake ratsa bango, don haka idan kana da wufa ka kashe ta da dare. Lasifikar kunne mai buɗaɗɗen baya irin Sennheiser HD 600, wadda take kasuwa tun 1997, ita ma hanya ce mai kyau, sai dai ka kula da ƙarfin murya, domin a kunne yana da sauƙi mutum ya wuce gona da iri bai sani ba.

Tambaya: Ina da fayafayan garmaho kusan 400 da na tara tun shekarun 1970. Ina so in koma gare su, kuma raina yana kan amfilifaya mai kwalabe, irin wadda take haske da dare. Sai dai hannuna ya fara ɗan rawa, bayana kuma ba ya son ɗaukar nauyi. Shekarata 71.

Amsa: Ranka ya daɗe, ka koma ga fayafayanka ba tare da wani ɗar ba. Abin da ka tara a shekara hamsin ba ya sayuwa, kuma da yawa daga waƙoƙin wancan zamani ba su taɓa hawa intanet ba. Abin da ake buƙata shi ne a zaɓi na'urar da za ta yi wa hannunka aikin da ya fara yi masa wuya.

Allurar faifai tana sauka ne da nauyin da bai wuce giram 2 ba ko kusa da haka, kuma sandar da take riƙe da ita siririya ce ƙwarai, kuskure ɗaya na yatsa yana iya karya ta ko ya karce faifan da ba za ka sake samun irinsa ba. Don haka ka nemi na'ura mai ɗan hannun da yake ɗaga allura ya sauke ta a hankali, kuma in da hali wadda take ɗage allurar da kanta idan gefen faifai ya ƙare. Tun da Columbia ta fito da dogon faifai a 1948, gefe ɗaya minti ashirin da 'yan kai yake ɗauka, kuma ba kowane lokaci mutum yake son ya zabura daga kujera ba. Kan allura iri biyu ne: akwai wanda ake zare allurar da yatsu a sa sabuwa, irin su Ortofon 2M da Audio-Technica VM95, akwai kuma mafi tsada wanda idan allurar ta cinye ko ta karye sai an aika shi gyara ko an sayi sabo gaba ɗaya. Na farkon nake zaɓa maka. Na'urori irin Technics SL-1200, wadda asalinta ya fito a 1972, kan hannunsu mai ɗauke da allura yana cirewa baki ɗaya, don haka za ka iya ba wani mai kaifin ido ya saita maka shi a kan tebur ya mayar. Allura tana cinyewa bayan wasu ɗaruruwan sa'o'i zuwa dubu, kuma wadda ta cinye tana gurje faifai, saboda haka idan tsohuwar na'urarka tana nan kada ka ɗora mata ko faifai ɗaya sai an sauya allurar. Ka kuma tabbatar amfilifayar da za ka saya tana da ƙofar shigar garmaho, in babu sai an ƙara ƙaramin akwati a tsakani.

A kan kwalabe, na fahimci abin da yake jan ranka, domin sautinsu yana da wani taushi da mutane da yawa suke ƙauna, hasken ma yana da nasa daɗin. Amma ka san abin da za ka ɗauka. McIntosh MC275, wadda aka fara ƙerawa a 1961 kuma har yau ake yi, nauyinta ya kai wajen kilo 30, yawancinsa na taransifomomi ne. Irin waɗannan na'urori suna fitar da zafi sosai, suna son sarari a samansu, manyan kwalabensu kuma suna gajiya bayan 'yan dubban sa'o'i, a sauya su, a wasu ma a sake saiti. Amfilifayoyin zamani da ake kira ajin D suna mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da suka sha zuwa ga lasifika, ba sa zafi, wasunsu da hannu ɗaya ake ɗauka, kuma na ƙwarai a cikinsu sun kai kowace iri tsabtar sauti. Idan zuciyarka ta nace, akwai hanyar tsakiya: ƙaramin akwatin gaba, wato wanda sauti yake bi ta cikinsa kafin ya kai amfilifaya, mai ƙananan kwalabe biyu ko huɗu, waɗanda suke daɗewa kuma ba su da nauyi, a haɗa shi da amfilifaya mara nauyi. Idan kuma babbar kake so ko ta halin ƙaƙa, ka sa sharaɗi tun a ciniki cewa su za su kawo, su ɗora, su haɗa, ka kuma tambayi wanda zai zo gida ya duba ta ranar da ta buƙaci gyara.

Teburin na'urar ya kai maka tsayin ƙugu ko sama kaɗan, yadda za ka sa faifai kana tsaye ba tare da ka sunkuya ba, kuma ya zauna daram ba ya girgiza idan an taka kusa da shi. Ka sa ƙaramar fitila a gefensa tana haska allurar. Fayafayan ka jera su a tsaye, ba a kwance ba, waɗanda ka fi so a layin da hannunka yake kaiwa. Bayan shekarun da suka yi a ajiye za su buƙaci wanki kafin allura ta taɓa su, kuma akwai injin wanke faifai mai zuƙe ruwan da dauɗar tare, wanda zai rage maka yawancin ƙaras-ƙaras ɗin da ake ɗora wa laifin tsufan faifai. Ka fara da guda ashirin da ka fi kewa, sauran ka bi su a hankali.